Shekarar da Na Rufe Zumar Mamanku da Takarda

Ku 'ya'yana, na sha jin kuna gaya wa baƙi wai ni ne na ɗaga kasuwar mamanku da kwamfuta. Talatu ta faɗi haka a gabana ranar bikin ƙanwarta, na yi shiru saboda jama'a, kuma ba zan ɓoye muku ba, maganar ta yi mini daɗi. To ba haka aka yi ba. Tunda idona yana gani har yanzu, hannuna kuma bai fara rawa sosai ba, gara in rubuta muku yadda abin ya faru, kada ku gaji labarin da aka yi wa kwalliya.

Sana'ata ta farko rubutun allo ce. Karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni hannu. Lokacin da Jalingo ta zama babban birnin jiha, gari ya cika da baƙi, kowa yana buɗe wani abu: ofis, kemis, gidan abinci, shagon ɗinki, makarantar yara. Kowanne kuma yana son allo a ƙofarsa. Duk wanda ya bi ta unguwar Sarkin Dawaki a shekarun nan ya ga hannuna, ko ya san ni ko bai san ni ba. Ina jan harafi da buroshi ba tare da na sa zare ba, ya fito a miƙe. Wannan gaskiya ce, ba yabon kai ba. Inda matsalar take, na saba mutane su tsaya a bayana suna cewa "Kai, Ishaya!" har na kai ga ba na tambayar kowa komai. Mai shago zai ce ga abin da yake so, in ce masa to, in je in yi abin da ni nake so. Yawancinsu sukan karɓa don aikin yana da kyau. Wannan ne ya ɓata ni.

A cikin waɗanda na yi wa allo akwai wani ma'aikacin gwamnati daga kudu, muna ce masa Oga Sunday, yana da kemis a gefe. A bayan kantarsa na fara ganin kwamfuta da wata 'yar firinta, girmanta bai wuce na burodi ba. Ana sa mata takarda a nannaɗe, mai gam a baya, sai ta riƙa turo ƙananan lebul ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ɓare ya manna a jikin ambulan ɗin magani. Na tsaya ina kallo har na manta abin da ya kawo ni. Harafin da nake ɓata rabin yini ina ja, ga shi yana fitowa kafin mutum ya haɗiye yawu. Da aka yi masa canjin wurin aiki, ya ce zai rabu da kayan. Ban shawarci kowa ba, na sayar da babur ɗina, na turo su gida a cikin kwali a kan baro.

Mamanku Rifkatu tana tsakar gida tana wanke kwalabe. Ta dubi kwalin, ta dubi bayana inda ya kamata babur ya shigo.

"Baban Talatu, ina mashin?"

"Ga shi nan a kwali. Ya zama kwamfuta."

"Ka sayar da abin da ke kai mu garinmu Iware, ka sayo abin da zai zauna a ɗaki yana jiran a kawo wuta?"

"Za ki gani."

"Ai ina gani."

Oga Sunday ya nuna mini kaɗan kafin ya tafi, sauran na koya da kaina a ɗakin gaba, da kuskure da ɓarnar takarda. Abin da ke cikin kwamfutar a lokacin furogiram muke ce masa, ku yanzu kuna cewa manhaja. In ka buɗe ta za ta tambaye ka faɗin lebul da tsawonsa, ka auna da rula ka shigar. Sai farin fili ya bayyana a gilashin kwamfutar daidai da awon, ka rubuta abin da kake so, ka zaɓi irin harafi, mai kauri ko siriri ko mai lanƙwasa kamar na katin aure. Kana iya kama kalma da maus, ɗan abin nan da ake turawa da hannu, ka ja ta sama ko ƙasa, ka ƙara mata girma, ka kewaye ta da layi. Akwai kuma hotuna da aka riga aka zana a ciki, su fure, kifi, tauraro, kambin sarauta. Baƙi kawai firintar take bugawa, amma ni da na san yadda baƙi yake zama a kan fari, wannan bai dame ni ba. In an ɗauke wuta kafin ka ajiye aikin a disket, wato ɗan faifan ajiya, ya tafi ke nan, sai ka sake daga farko. Na sha wannan har na yi hankali. Kafin damina ta fita na iya abin sosai. Masu kemis suka fara zuwa, da wani mai yin sabulu, da wata mai man shafawa. Duk wanda ya zo sai na cika masa lebul da duk abin da manhajar ta iya, don a ganina filin da aka bari fari asara ne.

Yanzu sai in gaya muku yadda mamanku take sayar da zuma, don ku ƙanana ne a lokacin. Yayanta Yohanna yana da amya a bishiyoyin bayan Iware. Shi yake hawa, shi yake shan harbi, ya tace ya kawo mata a jarka. Ita kuma ta ɗura a tsofaffin kwalaben lemon sikwash da ta wanke ta shanya. Ba ta taɓa sa zuma a kwalbar giya ba ko da kyauta aka ba ta, shi ya sa Musulmi suke saye a wurinta hankali kwance. Babu rubutu a jikin kwalbarta, babu komai. Mai saye zai ɗaga kwalba ya saita ta da rana, ya ga launi, ya ga ɗan ɓurɓushin kaki yana yawo a ciki. Sannan ya kife ta. Kumfar da ke wuyan kwalba za ta taso zuwa gindi. In ta hau a hankali kamar ba ta so, zuma ce. In ta ruga, an sa ruwa ko dafaffen sukari. Masu ha'inci sun yi yawa a shekarun nan saboda baƙi sun yi yawa, don haka sunan mamanku shi ne jarinta duka. An san zumar Rifkatu ba a haɗa ta da komai, amma duk da haka kowa sai ya kife, ita ma tana so su kife. Ni kuwa duk zaman da muka yi tare, na ga mutane suna wannan sau ba adadi, ban taɓa tambayar me suke dubawa ba. Na ɗauka jan rai ne kawai irin na mai saye.

A shekarar da nake ba ku labari, amyar Yaya Yohanna ta yi kyau fiye da kowace shekara, ya kawo duka ya damƙa wa ƙanwarsa. Ta ɗura, ta jera kwalabe a ɗakin baya suna jiran kasuwar Kirsimeti, lokacin da ma'aikata ke sayen tsaraba kafin su tafi garuruwansu. Sai aka aiko daga Iware cewa kakarku ba lafiya. Ta goya ƙanwarku Ladi ta tafi. Abu ɗaya ta ce mini, in riƙa rufe ɗakin saboda kiyashi.

Na je rufe ɗakin, na ga kwalabe tsirara a jere, sai zuciyata ta ce mini, matar mai kwamfuta ce za ta riƙa sayar da kaya kamar na ƙauye? Na ɗauki kwalba ɗaya na auna kewayenta da zare, na auna daga kafaɗa zuwa gindi. Firintar ba ta buga mai faɗi haka, sai na raba zanen biyu, gaba da baya, yadda za su haɗu baki da baki ba tsaga. Na yi alfahari da wannan dabara. Na sa kambin sarauta a sama, hoton ƙudan zuma a tsakiya, na kewaye da furanni. Na rubuta da Turanci cewa tsantsar zuma ce mai daraja ta ɗaya. A ƙasa, da manyan haruffa masu lanƙwasa, na sa Ishaya da 'Ya'yansa, kamar wani kamfani. Na zaɓi takarda mai gam mai ƙarfi, irin wadda ruwa ba ya ɓare ta. Har na buga wani siririn lebul na ɗora a kan murfi ya sauko wuya, kamar yadda ake yi wa kwalbar magani, don a san ba a buɗe ba. Na manna wa kowace kwalba, ban bar ko ɗaya ba. Da na gama na tsaya a ƙofa ina kallo, na ce wa kaina ko a babban kantin Legas sai haka.

Kakarku ta samu sauƙi, mamanku ta dawo. Ko ruwa ban bari ta sha ba, na kai ta ƙofar ɗakin na buɗe. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta fita tsakar gida, ta ɗaga ta sama, ta kife.

"Ina zumar?"

"Tana ciki mana."

"Ni na san tana ciki, ni na ɗura. Mai saye fa?"

"Ya karanta. Ga shi an rubuta."

"Hajja Dija ce za ta karanta Turanci?"

Hajja Dija wata dattijuwar Bafillatana ce daga unguwar Kachalla Sembe, ita ce babbar mai sayenta. Tana saye ta raba wa 'ya'yanta da surukanta, kuma bakinta ya fi rediyo kai labari. Abin da ta yaba mata sukan bi, abin da ta kushe ya mutu. Na ce wa mamanku duniya ta ci gaba, ita ce ba ta sani ba. Na ƙara da wata magana a kan 'yan ƙauye wadda ba zan rubuta ba. Washegari ta ɗauki kaya ta tafi kasuwa, ni kuma na bi ta don in ji yabo da kunnena.

Mutane sun tsaya, wannan kam sun tsaya. Suna ɗauka, suna juyawa, suna ajiyewa. Wani ya kife kwalba bisa sabo, ya ga takarda kawai, ya yi dariya ya wuce. Can sai ga Hajja Dija da 'yar jakarta.

"Jam na, Rifkatu? Ya jikin tsohuwa?"

"Da sauƙi, Hajja."

"Madalla. Ina zumarki?"

"Ga ta nan."

"A'a, taki nake tambaya, ta yayanki. Ba ta kamfani ba."

Na yi caraf na shiga. "Hajja, ita ce dai. Ni na ɗinka mata riga."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kai ne mai allo? To mai allo, in babu abin da ake ɓoyewa, me ya sa aka rufe ta har wuya?"

Mamanku ta yage lebul ɗin murfi, ta buɗe ɗaya ta miƙa mata. Hajja ta lasa ta ce wannan kam zuma ce, amma sauran fa, za a buɗe mata duka ne? Ta ce an taɓa yi mata haka a wani wuri, ta ɗanɗano mai kyau, wadda ta kai gida kuma sukari. Ta gyara mayafinta ta tafi ba ta saya ba. Kafin mako ya zagayo magana ta gama unguwanni, wai Rifkatu ta daina kawo ta Iware, mijinta ya haɗa ta da wani kamfani. Wasu ma suka ƙara da cewa a bayan gidanmu ake dafawa.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma ni ko gyara zan yi, ni kaɗai nake yi. Ranar Lahadi bayan sujada mamanku ta tsaya taron zumuntar mata, na riga ta dawowa gida, na ce bari in cire takardun ta zo ta tarar. Na jiƙa a ruwa, gam ya ƙi, ai ni na zaɓe shi. Na kankara da wuƙa, takarda ta fita, danƙo ya rage yana kama datti. Sai na tuna yadda muke wanke buroshi. Na ɗauko kananzir da tsumma. Ya fita tas, kwalba tana ƙyalli. Na yi nisa da aikin kafin ta shigo. Tun daga ƙofar gida ta tsaya tana shinshina.

"Wa ya zubar da kananzir?"

"Ba a zubar ba. Zo ki gani."

Ta buɗe ɗaya daga cikin waɗanda na goge, ta kai hanci. Ashe ya gangara ta ƙarƙashin murfi. Ba shi da yawa, amma zuma ba ta ɓoye wari. Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da zani. Tun da na aure ta ban taɓa ganin ta yi kuka a kan kaya ba sai ranar. Na ce mata warin kaɗan ne, in an haɗa da mai kyau ba wanda zai gane. Wannan ita ce maganar da na fi jin kunyarta a duk rayuwata. Ta ɗago ta dube ni.

"Su suna cewa ina ha'inci, ban yi ba. Kai kuma kana so in yi."

Da hannunta ta haƙa rami a bayan bishiyar mangwaro, ta tsiyaye duk waɗanda na goge.

Labari ya kai Iware, Yaya Yohanna ya zo. Mutum ne marar yawan magana, Hausarsa ma ta kasuwa ce. Ya ƙi zama a kujerar da na ba shi. Ya ɗauki kwalba ɗaya mai riga, ya sa yatsa a kan manyan haruffan ƙasa, ya ce in karanta masa. Na karanta.

"Ishaya da yaransa," in ji shi. "Ni na hau itace. Ni ƙudan zuma ya harba har ido ya rufe. Kai a ina ya harbe ka?"

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri."

"Haƙuri akwai. Zuma babu."

Ya juya ya yi wa ƙanwarsa magana da yarensu, ya tafi bai sha ruwa ba. Shekarar da ta biyo baya sai ya ba wani ɗan kasuwa zumarsa, mamanku ta riƙa tsinta a wurin maƙwabtansa kaɗan-kaɗan. Sai da aka yi shekaru kafin ya sake kawo mana jarka, kuma har ya rasu, in ya zo gidan nan ƙanwarsa yake miƙa wa, ko da ni ne na fi kusa.

Kwalaben da kananzir bai taɓa ba, mamanku ta ce za a juye su. Matan zumunta suka taimaka da kwalabe, kowace ta kawo abin da take da shi. Juyen zuma aiki ne na haƙuri, tana tafiya a hankali, kuma dole wata ta maƙale a jikin gilashi. Ku abin da kuke tunawa shi ne an bar ku kuna ɗauraye kwalabe da ruwan ɗumi kuna sha, har Bulus ya yi gudawa. To ga dalilin wannan daɗin ke nan. Kafin a gama, kasuwar Kirsimeti ta riga ta wuce mu.

Ni kuwa na rufe kwamfutar da zani, ba na ko son ganinta. Ina tunanin in nemi mai saye in koma wa buroshina. Wata safiya ina zaune a ɗakin gaba, mamanku ta shigo da kwalba ɗaya a hannu, ta yaye zanin da kanta.

"Kunna."

"Maman Talatu, na bar wannan abin."

"Ka sayar mana da mashin a kansa, yanzu kuma ka bar shi? Kunna. Ban ce takarda ba ta da amfani ba. Ma'aikatan nan suna kai zuma garinsu, 'yan'uwansu su tambaye su ta wace ce, ba su sani ba. Ga wata kuma a bakin tasha tana sayarwa tana cewa tawa ce. Ina son takarda. Irin tawa nake so."

Ta ja kujera ta zauna kusa da ni, karo na farko ke nan da ta zauna a gaban gilashin. Ta ɗora babban yatsanta a kafaɗar kwalba ta ce kada ya wuce haka. Na auna yatsan da rula na shigar da awon, fili ya fito ɗan siriri har ya ba ni tausayi. Hannuna ya tafi wajen furanni da kansa, ta ce cire. Na jawo hoton ƙudan zuma, ta matso ta ƙura masa ido.

"Wannan dariya yake yi?"

"Haka suka zana shi."

"Ka tambayi Yaya ko ya taɓa ganin mai dariya. Cire."

Na ce aƙalla a rubuta cewa tsantsa ce. Ta ce masu dafa sukari ma abin da suke rubutawa ke nan. Na nuna mata haruffa iri-iri, ta zaɓi mai kauri marar ado, wanda tsoho zai gani ba tabarau. Ta ce in nemo takarda mai gam mai sauƙi, wanda zai fita in an jiƙa, don mata suna zuba man gyaɗa a kwalbar bayan zuma ta ƙare. Murfi kuwa kada in kuskura in taɓa shi. Abin da ya rage a filin shi ne kawai Zumar Rifkatu, Iware. Na buga guda ɗaya na manna a kafaɗa, ta fita da ita tsakar gida, ta ɗaga, ta kife. Ana ganin komai tun daga wuya har gindi. Ta dawo ta ce in buga sauran.

A nan na koyi sana'ar da na ci abinci da ita har na tsufa. Ba manhajar ba, wannan na riga na iya. Daga ranar, duk wanda ya zo neman lebul, kafin in taɓa maus sai na ce ya kawo kayan, ya nuna mini yadda mai saye yake riƙe shi, ina yake dubawa, ina yake matsawa, ina yake shinshinawa. Mai yaji ba a rufe masa ja, mai sabulu ba a rufe masa inda ake sa hanci. Lebul ɗina suka ragu da ado, masu zuwa suka ƙaru. Ina da tabbacin babu wanda ya fi ni wannan aikin a Jalingo a zamanina, kuma yanzu kun san a hannun wa na koya.

Sunan mamanku bai dawo nan da nan ba. Ta yi makonni tana zama a kasuwa tana miƙa wa kowa kwalba, tana cewa ya kife ko ba zai saya ba. Wasu sun dawo, wasu har yau ba su dawo ba. Hajja Dija takan wuce ta gaishe ta daga nesa. Sai gab da azumi, wata rana na kai wa mamanku sauran kaya, na tarar da Hajja a tsaye gaban tiren zumar. Ta ɗauki ɗaya ta saita da rana. Ta kife. Ta jira har kumfa ta kai ƙarshe, ta ajiye, ta zaro wata daga can baya ta sake yi. Sai da ta gwada kusan rabin tiren. Sannan ta ware nata gefe, ta sa yatsa a kan lebul ɗin.

"Wannan ɗan mitsitsin kuma me ya ce?"

"Sunana ne, Hajja."

"Sunanki? Yo ni ban san sunanki ba ne da za ki rubuta mini?"

Mamanku tana ɗaure kwalaben a leda, ko kallona ba ta yi ba.

"Ba don ke na rubuta ba, Hajja. Don maigidana ne. Shi ne ya manta."

Hajja ta yi dariya har sai da ta dafa kafaɗar mai tumatir da ke kusa. Da ta share hawaye ta nuna ni da haɓa.

"Mai allo, ɗauki kayan nan ka kai mini bakin titi."

Na ɗauka na kai.